Kwano a Kan Katanga

Shekarar da surukata ta karye a ƙafa, 'yata ta fari ba ta daɗe da shiga aji ɗaya ba. Tsohuwar ta zame ne a bakin rijiya, can gidansu a Bunkure. Maɗori ya zo ya ɗaure ƙafar, ya ce ta kwanta kada ta taka. Ba ta da wata 'ya mace kusa sai maiɗakina, saboda haka maiɗakin ta ƙulle 'yan kayanta, ta goya jaririnmu, na raka ta bakin titi ta shiga mota. Yarinyar kuwa aka bar mini ita, don kada ta rasa makaranta.

Lokacin ba mu daɗe da tashi daga babban gidanmu na cikin gari ba. Na yi ɗan gini a gefen ƙauyenmu, nan kusa da Kura, inda in ka tsaya a ƙofar gida kana jin gudun ruwa a kanal. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai katangar ƙasa da ta raba mu da maƙwabta. Da farko na kai yarinyar wajen Innata. Kwana ɗaya ta yi. Gari na wayewa aka duba tabarma babu ita, aka shiga nema, ashe tana ƙofar gidanmu tana jiran a buɗe. Inna ta biyo sawu tana haki.

"Bar ta a nan," in ji ta. "Ni na wuce bin yarinya lungu-lungu da sassafe. Tuwon dare zan riƙa aiko muku. Na safe kuwa ka san yadda za ka yi da takwarata."

Na ce babu komai. A raina shirya yaro makaranta ba wani aiki ba ne: wanka, riga, koko, a kama hanya.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ban san yarinyar ba. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. A yadda muka taso, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Duk abin da nake so ta yi, ta bakin uwarta yake bi. Sai in ce, "Ce wa yarinyar nan ta miƙo mini buta," ko da kuwa yarinyar tana tsaye a gabana. Haka muka zauna tun haihuwarta. Yanzu mai isar da saƙo ta tafi Bunkure, an bar mu daga ni sai ita.

Ga shi kuma tsakiyar noman rani ne. Ina da alkama a gona ɗaya, tumatir a ɗaya. Ruwan kanal kuwa bi da bi ake shansa. In aka buɗe wa layinku ba ka nan, na ƙasa da kai su ja abinsu, kai ka zauna jiran wani zagayen, shukarka tana yaushi. Saboda haka kullum da safe a ƙage nake.

In na fito daga masallaci sai in biya wajen mai koko a bakin lungu, in sayo koko da ƙosai, in zo in hura wuta in ɗora ruwan wanka, don da sauran sanyi. Kafin ruwan ya yi ɗumi ta tashi da kanta. Ba ta taɓa ba ni wahalar tashi ba. Wahalar daga nan take farawa.

"Ke, zo ki yi wanka."

Sai ta wuce ta gabana, fuska a ɗaure kamar wadda aka aika, ta nufi bayan ɗaki. In sake kira. Ta dawo ta bi ta ɗaya gefen, da wani abu a dunƙule a hannunta. Ruwan ya huce, in mayar da shi kan wuta. In na samu ta yi wankan, sai ta sa rigar makaranta ta bar wandon a kan tabarma, ko ta zura takalmi ɗaya ta ɓace da shi a wani saƙo na gidan. Muna cikin haka sai mu ji an buga ƙarfen makaranta, wani tsohon wilin mota da suka rataye a bishiya, ita kuwa ko a jikinta.

Da abin ya ishe ni, wata safiya na tare ta a tsakar gida.

"Ba kya ji ina kiranki?"

"Na ji."

"To me ya hana ki amsawa?"

"Na zaci da akuya kake, Baba. Ita ma ke kake ce mata."

Gaskiya ta faɗa. Daga ranar na koma ce mata Uwata, tunda sunan Inna gare ta. Wannan ya yi amfani ta gefe guda. In na kira sai ta ce, "Na'am," da murya mai ladabi, daga duk inda take. Amma zuwa ba ta zuwa.

Na gwada dabaru. Na riƙa tashinta tun kafin in tafi masallaci, sai ƙarin lokacin ya bi inda na farkon yake bi, ban ga inda ya shiga ba. Na yi mata alkawarin alawa, ta karɓi alawar da yamma ta yi godiya, da safe aka koma yadda ake. Inna ta ce tsumagiya kawai yarinyar take bukata, ba sai na taɓa ta ba, ta gan ta ma ya isa. Na karyo ɗaya a jikin dalbejiya, na soke ta a rumfa inda za ta gani. Washegari na ga tsumagiyar a hannunta tana kora kaji da ita.

Har na fara tunanin ko kunnenta ne. Yara da yawa a ƙauyenmu suna ciwon kunne saboda wanka a kanal. Sai na gwada ta. Tana can bayan ɗaki, ni ina bakin zaure, na ce a hankali kamar mai magana da kansa, "Ga rake na sayo, ban san wa zan ba wa ba." Kafin in rufe baki tana gefena. Kunne dai lafiyarsa ƙalau.

Malaminsu ma ya ƙara ɗaure mini kai. Wani saurayi ne mai fara'a, mun haɗu a bakin kasuwa ya ce mini kullum sai an gama taron safe take shigowa, amma a aji babu wanda ya kai ta sauraro. In ya faɗi abu sau ɗaya ta riƙe. Na dawo gida ina juya maganar. Yarinya tana jin malami, tana jin labarin rake daga bayan ɗaki, ni kaɗai ne ba ta ji, kuma da safe kawai. Fushin da nake yi ya fara komawa son sani.

Ana nan sai maƙwabcinmu na bayan katanga ya ƙara mini wani. Direban tarakta ne, mutumin wajen Filato, Kirista, yana zaune da matarsa da 'ya'yansu. Muna gaisawa, in ya zo yi mini huɗa mukan taɓa hira, amma ƙofar gidansa wani lungun take kallo, sai mu yi kwanaki ba mu haɗu ba. Ran nan ina tafe a kan keke a bakin kanal, ya tsayar da taraktarsa ya leƙo.

"Maƙwabci, mun gode da ƙosai. Amma ka rage ɗawainiya, yara sun fara ƙin kunun gidanmu."

Na ce, "Haba, ai ba komai." Mutum ba ya tambayar wanda ya gode masa ko godiyar mece ce. Ya ja taraktarsa ya wuce, ni kuwa na wuni ina ban ruwa ina tunanin ƙosai. Na dai lura yana saurin ƙarewa a gidana, har ina jin daɗi wai yarinya tana cin abinci ko da uwarta ba ta nan.

Ba a jima ba mai buɗe ruwa ya zagayo ya ce za a rufe layinmu a gyara wata ƙofa, gobe kada kowa ya fito. Na samu safiya guda da babu inda zan yi sauri. Sai na ƙudura a raina cewa ba zan ce mata uffan ba. Zan zauna ne kawai in ga inda lokacin yake tafiya.

Na dawo daga masallaci, na ajiye koko da ƙosai inda na saba, na ɗora ruwa, na zauna a kan buhun taki a ƙarƙashin rumfa. Ta fito tana murza ido, ta gaishe ni, ta ɗan tsaya tana jiran kiran da ta saba ji. Da ta ji shiru sai ta kama gabanta.

Akurki ta fara zuwa. Ta ture dutsen da ke tokare da katakon ƙofar, ta tsuguna, kaji suka fito. 'Yan tsaki na fitowa tana taɓa kan kowanne da yatsa, bakinta yana motsi. Akwai wani mai ɗingishi, ta ɗauke shi ta duba ƙafar, ta hura masa iska, ta ajiye. Daga nan ta shiga inda ake girki. A kusurwa akwai kaza tana kwanci a cikin tsohon kwando, ta zuba mata ruwa a fasasshen kasko ta tura mata kusa. Sannan ta je jikin katanga ta zura hannu a wani rami, ta zaro ɗan gwangwani, ta ɗebo kanwa, ta je ta buɗe tafin hannunta akuya tana lasa. Ni na yi ginin nan, ban san da ramin ba, balle gwangwanin.

Ta buɗe randa ta leƙa, ta rufe, ta goge moɗa da gefen zanenta ta kife ta a kan murfin. Ta ɗebi ruwa a wani gwangwanin ta nufi bayan banɗaki. Na miƙe a hankali na bi ta da ido. Ashe akwai ɗan tsiron lalle a wurin, bai kai gwiwa ba, an kewaye shi da fasassun tukwane don kada akuya ta ci. Ta zuba masa ruwan a gindi, ba a kan ganye ba.

Tana dawowa ne na lura da tafiyarta. Ta ɗan ranƙwafa gaba, hannu ɗaya yana baya yana bubbuga goyon da babu shi. Da ta zo tsakiyar gida sai ta tsaya cak. Ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ta ɗora yatsa a leɓe, ta zuba wa ƙasa ido. Ta daɗe a haka. Can sai ta ce, "Oho," ta juya ta shiga ɗaki. Muryar ba tata ba ce, ta uwarta ce sak.

Ta fito da ɗan kwano mai murfi. Ta zo inda ƙosai yake, ko kallona ba ta yi ba, ta zaɓi manya-manyan ta zuba, ta rufe. Akwai turmi a kife a jikin katangar baya, wanda na sha yin tuntuɓe da shi ina mamakin me ya kai shi can. Ta hau, ta yi ɗage, ta ɗora kwanon a kan katanga, ta ƙwanƙwasa murfin da yatsa. Jim kaɗan sai ga hannu ya ɓullo daga ɗaya gefen ya ɗauke. Muryar mace ta ce, "Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Umma ba ta dawo ba."

"Allah ya kawo ta lafiya."

Ta sauko, ta kaɗe hannu, ta zo ta tsaya a gabana.

"Baba, ruwan wankan ya huce."

Na mayar da shi kan wuta. Muna jira ya yi ɗumi na zuba mata koko, na zauna kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba.

"Uwata, wa ya ce ki riƙa yin waɗannan ayyukan?"

"Ba kowa."

"To don me kike yi?"

Ta ɗago daga kofin ta dube ni, da alama tambayar ce ta ba ta mamaki.

"Kai ba ka yi," in ji ta. Ba da tsiwa ta faɗa ba. Labari kawai ta ba ni.

"Kwanon fa?"

"In ba a sa ba, Mama ta bayan katanga za ta ce ba mu da lafiya."

"Ita Umma ƙosai take zubawa?"

"A'a, dusa. Buhun yana sama, hannuna ba ya kaiwa."

Na ɗaga kai. Buhun dusar yana rataye a jikin azarar rumfa, ni na rataye shi da kaina saboda ɓera, ranar da uwarta ta tafi.

Ran nan ta makara fiye da kullum. Na ɗauke ta a keke na kai ta, na ba malamin haƙuri.

Bayan la'asar na zagaya ta ɗaya lungun na yi sallama a gidan direba. Ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, na ce masa na zo ne in ji tarihin wani kwano. Ya yi dariya ya kira matarsa, ta fito tana goge hannu, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce abin ya samo asali ne tun farkon zuwansu garin. Ba ta san kowa ba, mijinta kuma tun duhu yake fita. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita, ta kasa ko ɗaga kai, ƙaramin ɗanta yana ta kuka. Maiɗakina ta ji kukan ya ƙi ƙarewa, sai ta kife turmi ta hau ta leƙa. Ita ta aika aka kira mijin daga gona. Tun daga ranar suka yi shiri: kowace safiya maiɗakina za ta ɗora kwano da dusa saboda agwagin matar, in an ɗauka ta san lafiya. In kwano bai hau ba, ita matar ta san akwai matsala a namu gidan. Da rana kuma matar ta mayar da shi da ɗan abin da ta samu, lemon tsami, ko ganye, ko ƙwan agwagwa.

Na tuna sau nawa na ci ƙwan agwagwa a gidana ban taɓa tambayar inda ya fito ba, alhali ba mu da agwagwa ko ɗaya.

"Da na fara ganin ƙosai," in ji ta, "na ce ko kai ne ka sa ta. Sai na riƙa mayar da kwanon da soyayyiyar gyaɗa. Na ji shiru ba ka ce komai ba."

Na ce mata gyaɗa ba ta taɓa isowa gare ni ba. Mijin ya yi dariya har yana dukan cinya.

Washegari na sauke buhun dusa na ajiye shi a cikin tsohuwar tukunya na rufe. Da ta fito na tsuguna a gabanta, idona daidai nata.

"Uwata, aikin nan ya yi miki yawa ke kaɗai. Raba mana shi."

Ta daɗe tana nazari, kamar mai rabon gado. Daga ƙarshe ta ba ni akurki da randa da akuya. Ta riƙe lalle, da kaza mai kwanci, da kwano. Na ce ta ba ni kwanon tunda na fi ta tsawo, ta ce a'a, maza ba sa hawa turmi.

Haka muka koma. Ina nawa tana nata, amma idonta yana kaina. Ranar farko na watsa wa akuya kanwa a ƙasa, sai na ji murya daga bayan banɗaki: "Ba haka ba, Baba. A hannu take sha. Kuma kada ka tura mata, bari ta zo da kanta." Na tsuguna na buɗe tafi. Harshen akuya kaushi gare shi, ban taɓa sani ba sai ran nan. 'Yan tsaki ma ta ce ba na taɓa kansu. Na tambaye ta amfanin taɓawar, ta ce don a san kowa ya fito. Na ce ai ana iya ƙirga su da ido. Ta ce Umma da yatsa take yi.

A hankali na gano yadda kunnenta yake aiki. In tana tsakiyar abu na kira daga nesa, maganar wucewa take yi ta saman kanta. Amma in na zo inda take na tsuguna na ce, "Saura me?" sai ta tsaya ta lissafa da bakinta: "Saura lalle, sai kwano, sai wanka, sai riga." Da zarar wanka ya fito daga bakinta, ya shiga cikin ayyukanta ke nan, ba sai na sake magana ba. Mafi yawan ranaku kafin a buga ƙarfe mun fita.

Ba kullum ba dai. Akwai ranar da takalmi ɗaya ya ɓace muka same shi a cikin randar da babu ruwa, har yau ban san yadda aka yi ba. Akwai kuma ranar da kaza ta fara ƙyanƙyasa. Ta kira ni da raɗa, na zo muka tsuguna a gaban kwandon. Wani ƙwai ya tsage, ɗan baki yana turowa, ya huta, ya sake turowa. Na girma a cikin kaji, amma ban taɓa zama na kalli abin daga farko har ƙarshe ba. Ta tambaye ni wa ya faɗa masa lokacin fitowa ya yi. Na ce Allah. Ta ce to ta ina yake numfashi kafin ya fasa? Wannan ban sani ba. Muka ji an buga ƙarfe muna tsugune, ba wanda ya motsa. Da na isa gona na tarar na ƙasa da ni sun ja ruwa, sai guntu na samu.

Abu ɗaya ne ba ta saka a rabo ba, kuma ba ta daina ba: tsayuwar nan ta tsakar gida, da riƙe ƙugu, da yatsa a leɓe, da "Oho." Ko mun makara sai ta yi. Na tambaye ta ko mece ce, ta ce, "Haka ake yi." Na zauna ina ta saƙe-saƙe. Ko addu'a ce uwarta take yi a zuci? Ko wani abu ne aka binne a wurin? Har na je na duba ƙasar da ba ta nan, ban ga komai ba sai sawun kaji.

Ranar kasuwar Bunkure, da aka tashi daga makaranta, na ɗora ta a bayan keke muka je dubiya. Surukata tana kwance a tabarma, ƙafa a ɗaure da karare, ta fara samun sauƙi. Bayan gaisuwa yarinyar ta zauna ta ba uwarta rahoton gida tiryan-tiryan: 'yan tsaki sun fito, lalle ya yi sabon ganye, Baba ya iya ba akuya kanwa amma har yanzu yana manta kife moɗa. Uwar tana ji tana satar kallona. Da na ga dama ta samu sai na yi tambayata, na ce wace tsayuwa ce take yi a tsakar gida kowace safiya. Ta ce ita ba ta san wata tsayuwa ba. Na ce, "Uwata, nuna mata."

Yarinyar ta miƙe ta je tsakiyar ɗakin. Ta ranƙwafa, ta bubbuga goyo, ta tsaya cak, ta riƙe ƙugu, yatsa a leɓe. Can ta ce, "Oho."

Surukata ta fashe da dariya har tana riƙe ƙafar tana cewa a bar ta haka. Maiɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Mantuwa ce fa," in ji ta daga cikin mayafin. "In na zo tsakar gida sai in manta abin da na fito ɗauka."

Yarinyar ba ta gamsu ba. "Amma kullum kike yi."

"Kullum nake mantawa."

Da tsohuwar ta fara takawa da sanda, maiɗakina ta dawo. Na zaci za a yi rigima wajen karɓar aiki, amma cikin 'yan kwanaki yarinyar ta saki komai kamar ba ta taɓa yi ba. Ta koma barci sai an tashe ta, ta koma makara irin ta sauran yara, ta ɓatan fensir da tsayawa wasa. Na lura uwarta ba ta kiranta daga nesa ko kaɗan. Tana aikinta tana magana, in ta zo wucewa ta dafa kafaɗar yarinyar ta juya ta ta fuskanci bahon wanka, shi ke nan.

Abin da ya rage mini shi ne kai ta makaranta, don hanyar gonata ta nan ta bi. Tana zaune a bayan keke, muna bin bakin kanal, tambayoyi suna zuwa ta bayan kunnena. Daga ina ruwan yake? Na ce daga madatsar ruwa ta Tiga. Wa ya zuba shi a can? In an rufe ƙofa ina yake tsayawa ya jira? Wata rana ta ce, "Baba, in ka sauke ni me kake yi?" Na ce ban ruwa. Ta ce tana so ta gani.

Ranar Asabar na tafi da ita. Na zaunar da ita a kan gaɓa, ta naɗe ƙafa ta zuba mini ido. Na nutsa tiyo a cikin ƙaramin kanal ya cika, na toshe bakinsa da tafin hannu, na jefa shi ta kan gaɓa, ruwa ya kama zuba. Na bi fangali-fangali da fartanya, in buɗe wannan, in ya sha in toshe in buɗe na gaba. Tana kallo har na yi nisa. Sannan ta taso ta biyo kunyar gona tana ɗaga ƙafa.

"Baba, me ya sa in ka toshe sai ka buga bayan fartanya a ƙasa?"

"Don taɓo ya zube."

"Ai babu taɓo a jikinta yanzu."

Na duba, babu. A fangali na gaba na yi niyyar kada in buga, sai na ji hannuna ya riga ni. Na ce mata ban sani ba, amma zan yi tunani a kai. Ta gyaɗa kai, ta ce to in ba ta tiyo ita ma ta gwada.

Tafin hannunta bai isa ya rufe bakin tiyon ba. Ta gwada ruwan ya koma, ta sake gwadawa ya watsa mata a riga. Na ɗora hannuna a kan nata muka jefa tare, ya yi tari, ya kama. Sai ta saki tiyon ta bi kan ruwan, tana tafiya a hankali a gefensa yana ture busasshen ganye yana shiga tsagar ƙasa. Ta bi shi har ƙarshen layin tumatir, ta tsuguna a can, ta ɗago hannu ta ce mini ya iso.